Maganin da ya kashe ƙwayar tibi a kwalba, me ya hana shi aiki a huhun ɓera?

Sadiya_Aji4:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana a taimaka mini kafin kaina ya fashe. An ba ni semina a kan wani enzayim (furotin mai juya wani sinadari ya koma wani) na ƙwayar tarin fuka mai suna IMPDH, wanda a tibi ake ce wa GuaB2. Na samo takardu biyu, mujalla ɗaya, fitowa ɗaya ta Janairun 2017, wannan na bin wannan. Ta farko daga Jami'ar Cape Town ta ce nan ne lagon ƙwayar, a haɗa magani a kansa. Ta biyu daga cibiyar NIH ta Amurka ta ce e, ƙwayar ba ta iya rayuwa sai da shi, amma ba nan lagonta yake ba. To yaya abu zai zama dole kuma a ce toshe shi ba ya kisa? Wa zan bi a cikinsu? Saura kwana tara in tsaya gaban malamai.

Abu_Hanifa88:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba da sa'a. Mu 'yan lissafi mun kama kujera muna sauraro.

MalamBayokem:
Wa alaikumus salam Sadiya. Kafin rigimar, fara da aikin enzayim ɗin, don a nan za a fara kama ki. Kin san rubutun DNA da harufa huɗu ake yin sa, A da T da G da C. Ƙwayar da za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutunta kaf, ke nan sai ta ƙera harufan. A da G uwa ɗaya ta haife su, wani sinadari da ake kira IMP. Daga IMP hanya ta rabu biyu kamar mararraba: hannu ɗaya ya tafi AMP, wato A, ɗayan ya bi ta XMP ya faɗa GMP, wato G. To IMPDH shi ne mai tsaron ƙofar hanyar G, shi yake mai da IMP ya koma XMP, kuma matakinsa ne ya fi jan ƙafa, don haka shi yake yanke yawan G da za a samu.

Ki ƙara da wannan, malamai na son sa: da aka karance rubutun ƙwayar tibi a 1998, harufa kusan miliyan 4.4, an tarar kusan kashi 65 cikin ɗari G ne da C. Ga GTP, wanda daga GMP ake samun sa, da take buƙata wajen haɗa furotin. Mai irin wannan cin G, in ka tsuke masa ƙofar G ai ka shaƙe shi.

Sadiya_Aji4:
Na gode Malam. Me ya sa ake ce masa GuaB2? Akwai na 1 ke nan?

MalamBayokem:
Akwai har na 3. Uku ne masu kama da juna, guaB1, guaB2, guaB3, amma da aka gwada su na biyun kaɗai ke yin wannan aiki. Na farkon ma daga baya aka gano juyin hanya yake yi, yana mai da GMP zuwa IMP.

Ɗan_Rimi:
Ni ban fahimci rabin abin da kuke faɗa ba, amma tibi na san ta, don na sha maganinta wata shida cur. Wata biyun farko ƙwayoyi huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, da sassafe kafin in karya. Ranar farko da na je bayan gida na ga fitsarina ya yi ja kamar ruwan zoɓo da aka surka, wallahi na ɗauka jini ne, na fito ina salati. Babu wanda ya gaya mini haka rifamfisin yake yi. Sai guiwoyina suka kama ciwo, ruku'u ma sai na dafa bango. Tambayata: tunda wannan maganin yana warkarwa, kuma kyauta ake ba da shi, neman sabo na mene ne?

Hajiya_Famasi:
Ɗan_Rimi, sannu, Allah ya ƙara lafiya. Ciwon gaɓoɓin nan yawanci aikin firazinamaid ne, yana hana ƙoda zubar da yurik asid. Abin dariya, yurik asid ɗin nan shi ne tokar A da G ɗin da Malam yake bayani, in jiki ya gama da su. Ka ga ashe kana cikin darasin ba ka sani ba.

Neman sabo kuwa dole ne. Isoniyazid tun 1952 ake amfani da shi, rifamfisin tun shekarun 1960. Ƙwayar ta daɗe tana karantar su, akwai wadda yanzu ba ta jin su duka biyun. Shekara arba'in aka yi babu sabon maganin tibi mai sabuwar hanya sai bedakwilin a ƙarshen 2012. A 2023 kaɗai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 10.8 sun kamu, miliyan 1.25 sun rasu, kuma Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu ita. Kai ma da za a ce maka akwai na wata biyu, ai ba za ka zaɓi na wata shida ba.

Ɗan_Rimi:
Hajiya ko na wata huɗu ne da na yi rawa. A wata na uku da na ji garau saura ƙiris in watsar, matata ce ta tsaya a kaina.

Kabiru_Kiristal:
Bari in shigo ta ɓangaren siffa, don shi na taɓa da hannuna, ko da yake ba na tibi ba. Sadiya, ki zana shi haka a allo. Kowane ɗaya na enzayim ɗin ganga ce, sanduna takwas a tsaye a ciki, naɗi takwas sun kewaye su ta waje. Gangunan huɗu suke haɗuwa su yi murabba'i, kamar ɗakuna huɗu da suka sa tsakar gida a tsakiya, kowane ɗaki katangarsa ɗaya da na maƙwabcinsa. A bakin ganga IMP yake zama. Sai wani amino asid, wato ɗaya daga tubalan da aka gina furotin da su, sistayin mai lamba 341, ya cafke shi ya riƙe, wani sinadari mai taya shi aiki, NAD, ya zo ya karɓi haidirojin ya fita. Gurbin da NAD ya bari, wani leɓe na furotin ɗin ya faɗo ciki kamar an saki asabari, shi yake kawo ruwan da zai ɓalle XMP ya tafi. Wato gurbi ɗaya, baƙi biyu, suna karɓa-karɓa. In ka samu abin da zai shige gurbin nan bayan NAD ya fita, asabarin ba zai sauka ba, enzayim ya maƙale da kaya a hannu, ba gaba ba baya.

Abu_Hanifa88:
To ai mu ma muna da DNA. Mu ba mu da wannan gangar ne?

Kabiru_Kiristal:
Muna da ita, har kala biyu. Tambayar da ta fi kowace ke nan. Abin da ya cece mu shi ne NAD ba ya kwanciya iri ɗaya a namu da nasu. A namu miƙewa yake a cikin ɗakinsa. A na ƙwayoyin cuta irin tibi wutsiyarsa lanƙwashewa take ta shiga wani lungu a jikin katangar maƙwabci. Amino asid biyu ne suke gadin lungun, alanin 285 daga wannan ɗaki da tayirosin 487 daga ɗakin maƙwabci, kuma namu ba shi da wannan haɗin. Duk masu haɗa maganin lungun nan suke hari.

DaktaZee:
Ƙarin bayani kan maganar Kabiru: maganin da ke toshe IMPDH na ɗan Adam yana nan a kasuwa tuntuni. Maikofenolet, wanda aka fi sani da CellCept, ana ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jiki ya ƙi ta, an amince da shi tun 1995. Asalinsa daga wani naman gwari ne dangin wanda ya ba mu fenisilin, wani likitan Italiya Bartolomeo Gosio ya ware shi a shekarun 1890. Yana aiki ne saboda sojojin jini masu suna limfosait sun dogara da ƙera G da kansu. Shi ya sa in maganin tibi ya kuskura ya taɓa namu, ka kwance wa majiyyaci damara a tsakiyar yaƙi. Mu kafin a fara ba mutum irin waɗannan magunguna ma sai an bincika ko yana da tibi a kwance.

Nura_Keke:
Dakta to a ba masu tibi wannan ɗin mana kaɗan-kaɗan tunda akwai shi?

DaktaZee:
A'a Malam Nura, kada ma wani ya gwada. Na ƙwayar cuta ba ya jin sa sosai, namu ne yake ji. Ga shi yana lahanta ɗan tayi.

Hajiya_Famasi:
Ribabirin da ake ba masu zazzaɓin Lassa ma yana taɓa wannan enzayim ɗin namu, yana cikin hanyoyin da ake ganin yake aiki. Ko da yake har yanzu likitoci na jayayya kan iya amfaninsa a Lassa.

Sadiya_Aji4:
Wallahi na ƙaru, amma don girman Allah a dawo kan tambayata. Cape Town ko NIH?

MalamBayokem:
Ƙanwata ta gaji da mu. To ga abin da kowa ya yi. Rukunin Farfesa Valerie Mizrahi a Cape Town da abokan aikinsu sun tace sinadarai 15,344 a kan ƙwayar mai rai, suka samu ɗaya, VCC234718. Suka bar ƙwayar ta yi ta fama da shi har aka samu wadda ta daina jin sa, da suka karanta rubutunta sai ga canji a wuri ɗaya: tayirosin 487 ya koma sistayin. Daidai mai gadin lungun da Kabiru ya faɗa. Hoton kiristal, wanda da shi ake ganin siffar furotin, ya nuna maganin a gurbin NAD, ya jingina da IMP, ya kuma jingina da tayirosin ɗin maƙwabci. Sannan suka ƙera ƙwayar da za a iya kashe mata guaB2, wato ƙwayar gadon da ke ƙera enzayim ɗin, kamar makunnin fitila. Da aka kashe, ta mutu a kwalba, ta mutu a cikin makrofej, sojojin jikin da ke haɗiye ƙwayar cuta, kuma ta kasa kafa cuta a huhun ɓera.

Su kuwa na NIH, ɓangaren Clifton Barry da Helena Boshoff, sun tace fiye da 100,000, suka samu nasu daban, shi ma IMPDH yake toshewa. Tasu ƙwayar wata dabara ta yi: ta ninka wani yanki mai ƙwayoyin gado 40 wanda guaB2 ke ciki, wato ta ƙara yawan masu tsaron ƙofa har maganin ya kasa rufe su duka. Suka gyara maganin, suka ba ɓeraye masu sabuwar cuta da masu tsohuwa, shiru kake ji.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum, ina gaida malamai. Ni a likita nike aiki, wajen awon majina. Malam bai faɗi babban abin ba. Ƙwayar ga ba ƙera G kaɗai ta iya ba, tana tsintar wanda wani ya yar. In akwai guwanin, wato harafin G ɗin, a kusa sai ta ɗauka ta mai da shi GMP kai tsaye, ba ta bi ta ƙofar IMPDH ba. Kuma cikin huhun mai tibi akwai wurin da nama ya mace ya yi fari-fari kamar cuku, cike da gawar ƙwayoyin jiki. To wanda ke zaune bisa juji, ka rufe mishi shago, mi ya dame shi?

Abu_Hanifa88:
Wato 'yar bola-jari ce.

MalamBayokem:
Malam Issoufou ya riga ni, nan zan zo. Enzayim ɗin tsintar sunansa Hpt. Duka ɓangarorin biyu sun yarda da tsintar, rigimar a kan yawa take. Cape Town suka ce sai guwanin ya kai maikromola 125 zuwa sama yake ceton ƙwayar, kuma tunda ta kasa kama ɓera, ba ta samun hakan a can. NIH suka auna huhun dabbobi da na majiyyata da aka yanke a tiyata, suka samu milimola 0.5 zuwa 2, a wurin cukun da ma lafiyayyen nama.

Abu_Hanifa88:
Yauwa, an zo gonata. Milimola 0.5 maikromola 500 ke nan, ninki huɗu na 125. Milimola 2 kuwa ninki goma sha shida. In alƙaluman nan haka suke, ai an gama shari'a, NIH sun ci.

Kabiru_Kiristal:
Ba ta ƙare ba Abu Hanifa. Guwanin ba ya narkewa a ruwa da daɗi, duk wanda ya taɓa haɗa shi a lab ya sani, sai ka sa masa alkali yake yarda. In ka niƙe nama ka auna, jimilla ka samu, ba ka san nawa ne a narke a bakin ƙwayar ba, nawa ne a kulle cikin ƙwayoyin jiki. Hatsi a rumbun maƙwabci ba tuwo ba ne. Ni dai a nawa ganin awon bai kashe maganar ba.

DaktaZee:
Ni kuma ɓeran ne ban yarda da shi ba, ta kowane ɓangare. Ɓerayen da aka saba gwaji da su ba sa yin wannan ruɓaɓɓen cukun da kogo irin na mutum, zomo ya fi kusa da mu a nan. Sannan gwajin Cape Town hana cuta kafuwa ya nuna. Ni kuwa wanda yake zuwa gabana ya yi wata uku yana tari, ya sha maganin gargajiya, ya sha na kemis, hoton ƙirjinsa da rami a saman huhu. Hana baƙo shiga gida daban, fitar da wanda ya shekara a ciki daban. A cikin cukun nan ƙwayoyin da yawa ba sa rabuwa, lamo suke yi, wanda ba ya kwafar DNA kuwa buƙatarsa ta G kaɗan ce.

Hajiya_Famasi:
Kada a manta da maganin kansa. Su NIH da bakinsu sun ce sai ƙwayar ta yi awa 24 cikin maganin da ƙarfinsa bai sauka ba kafin ta fara mutuwa, kuma riƙe wannan ƙarfi a jikin ɓera ya yi wuya. Hantar ɓera kamar injin markaɗe take. To in magani bai kai ba ko bai daɗe ba, laifin enzayim ne? Kashe ƙwayar gado kamar toshe rijiya ne gaba ɗaya, magani kuwa murfi ne da iska ke ɗagawa.

Mai_Shakka:
Ku yi haƙuri, ni duk wannan ina ganin wasan Turawa ne da kuɗin tallafi. Shekara nawa ana zana gangar nan, ina maganin? Mutanenmu na mutuwa don ba a gano su da wuri ba, ba don rashin sanin tayirosin 487 ba. A sayi na'urar GeneXpert mai gano tibi a majina a kai ƙauyuka, a ba ta sola.

Issoufou_Maradi:
Mai_Shakka, rabin maganarka gaskiya ce. Amma ni nike ganin takardar in ta fito ta ce rifamfisin ba ya aiki ga mutum. Da can sai allura wata da watanni, wasu har su kurmance, magani kusan shekara biyu. Yanzu akwai na wata shida na haɗiya, da bedakwilin da firetomanid a ciki. Su ma daga irin wannan zanen da kwalabe suka fito. Na'ura tana gaya maka sunan ɓarawo, ba ta kama shi.

Mai_Shakka:
Na ji. Amma a amsa mini: akwai maganin tibi ko ɗaya a asibiti da ke aiki ta IMPDH?

MalamBayokem:
Babu. Ko ɗaya ba a amince da shi ba. Mafi kusa a dangi shi ne tsohon maganin tibi PAS na shekarun 1940, wanda ke lalata hanyar folet, ita kuma da ita ake ƙera T da ma su A da G. Ke nan yunwar harufa ta taɓa zama magani, ba sabon tunani ba ne.

Kabiru_Kiristal:
Mai_Shakka ya ce wasa. Wata bakwai na yi ina neman kiristal na wani furotin. Faranti mai ramuka 24, a kowane rami ɗigo ɗaya da bai kai kan allura ba yana rataye a jikin gilashi, kullum da safe in leƙa madubi in ga dusa-dusa kawai. Ranar da na ga 'yan allurai masu ƙyalli sun fito a rami ɗaya, ban gaya wa kowa ba don kada baki. Daren nan wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ɗakin ya yi zafi, da safe sun narke. Sai da na zauna a ƙasa. Shi ya sa nake jinjina wa masu IMPDH na tibi, don shi ma gardama gare shi. Sai da suka yanke masa wani ƙullutu da ake kira CBS kafin hotunansa suka fito a 2015, wasu kuma suka koma amfani da na ɗan uwansa mai jure zafi, Mycobacterium thermoresistibile.

Sadiya_Aji4:
Yaya Kabiru sannu, abin tausayi abin dariya. Amma in an yanke ƙullutun, ba a canza enzayim ɗin ba?

Kabiru_Kiristal:
Yana aiki ba tare da shi ba, amma kin taɓo wuri. Ƙullutun ne kunnensa. ATP na hanyar A da GTP na hanyar G a nan suke zama, kuma ta nan murabba'i biyu suke kifuwa a kan juna su zama takwas. Masu bincike a Prag sun nuna a 2024, da na wani ɗan uwan tibi, Mycobacterium smegmatis, cewa in GTP ya yi yawa yana matse takwas ɗin nan ya hana su aiki. Wato enzayim ɗin da birkinsa ya zo. Ki ajiye wannan a shafin ƙarshe, in aka tambaye ki ina aka dosa, ki ce wataƙila a taka masa birkinsa maimakon a yi ta kokawa da lungun NAD.

MalamBayokem:
Wani abin da zai burge su: yawancin magungunan farko na lungun nan ba don tibi aka haɗa su ba. Rukunin Farfesa Lizbeth Hedstrom a Jami'ar Brandeis sun yi su ne don Cryptosporidium, mai sa yara gudawa, wanda ya aro nasa IMPDH daga bakteriya tun zamanin da. Daga baya aka ga mukullin yana shiga ƙofar tibi.

Nura_Keke:
Ni tambayata, in tana tsinta, me zai hana a rufe shagon a kuma kwashe bolar? A toshe su biyun.

Hajiya_Famasi:
Malam Nura, wallahi ka yi tunanin masu bincike. Akwai masu neman abin da zai toshe Hpt ɗin. Matsalar, mu ma muna da irinsa, kuma yaran da aka haifa babu shi suna shiga mummunar lalura. Sai an sake neman wani lungun da ya bambanta. Ga kuma katangar ƙwayar tibi mai kitse kamar kakin zuma, abu da yawa yana kashe enzayim a kwalba amma ya kasa ratsa ta.

Ɗan_Rimi:
Ni dai abin da na ɗauka, ashe abin da ya zauna mini a ƙirji har dabarar bola ya iya. Duk wanda ke kan magani ya shanye abinsa.

Abu_Hanifa88:
Na janye "an gama shari'a", amma ban koma Cape Town ba. Ninki huɗu ba wasa ba ne, ko rabinsa ne a narke ya wuce 125.

DaktaZee:
Ina nan kan bakana, sai na ga an gwada a dabbar da ke yin kogo.

Sadiya_Aji4:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa zaɓen gwani, zan jera gwajin kowa da abin da bai gwada ba, in bar malamai su yi ta yi. Yaya Kabiru, lambar hoton kiristal ɗin da ke da VCC234718 a ciki fa? Ina so in juya shi a kwamfuta in nuna tayirosin ɗin da launi ja.

Kabiru_Kiristal:
Tana cikin takardar Cape Town ɗin, wajen bayanin hanyoyin aiki. Ki lura lambobin amino asid na thermoresistibile sun ɗan goce da na tibi, kada ki nemi 487 ki rasa ki ce na yi miki ƙarya. In kin sauke ki turo mini, zan nuna miki yadda ake fito da ɗakin maƙwabcin, don wani lokaci ɗaki ɗaya kawai fayil ɗin yake buɗewa.